Lissafin Ruwa a Jikin Mutum: Nawa Ke Fita, Nawa Ya Kamata Ya Shiga

Namiji baligi mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwa kimanin lita 42, wato kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. A jikin mace adadin kan tsaya tsakanin kashi 50 zuwa 55, domin kitse ba ya riƙe ruwa kamar tsoka, shi kuwa jariri sabon haihuwa kusan kashi 75 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Kashi biyu bisa uku na wannan ruwa yana cikin ƙwayoyin halittar jiki, ragowar yana kewaye da su da kuma cikin jijiyoyi, kuma ruwan jini zalla bai wuce lita 3 ba. Mai jin wannan lissafi zai ɗauka akwai ajiya mai yawa, alhali kuwa babu. Jiki yana tara kitse ya ci daga ciki har tsawon makonni, amma ba shi da randar da yake ajiye ruwa domin gobe. Duk ruwan da ke cikinsa yana bakin aiki ne: yana ɗaukar abinci da iska zuwa gaɓoɓi, yana kwashe datti, yana sanyaya jiki. Da zarar mutum ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ta hanyar ruwa, wato ƙasa da lita ɗaya da rabi ga mai kilo 70, ƙarfin aikinsa ya fara raguwa, zuciya ta ƙara saurin bugawa, hankali ya fara rarrabuwa.

Ƙofofi huɗu ne ruwa ke fita ta cikinsu. Numfashi da fata suna fitar da kimanin mililita 700 zuwa 800 a rana ba tare da mutum ya ga ɗigon gumi ba, kuma adadin yana hawa idan iska ta bushe ko zazzaɓi ya kama mutum. Bayan gida yana ɗauke mililita 100 zuwa 200. Fitsari kan kai lita ɗaya zuwa biyu. Gumi shi ne wanda ba shi da tsayayyen ma'auni: mai zaune a inuwa ba ya rasa wani abin kirki, mai aikin ƙarfi a rana kuwa yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Ta ɓangaren shiga kuma hanyoyi uku ne. Akwai abin sha, akwai ruwan da ke cikin abinci, wanda yakan kai kashi ɗaya bisa biyar na abin da mutum ke samu, har ya fi haka ga mai yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa, sannan akwai kimanin mililita 300 da jiki ke samarwa da kansa yayin da yake ƙona abinci domin samun kuzari.

Ƙoda ce mai riƙe da wannan lissafi, kuma aikinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin wanda ya fahimce shi ya fahimci rabin maganar. Ƙodoji biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana. Da duk abin da aka tace zai fita a matsayin fitsari, da mutum bai kai awa ɗaya a raye ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙananan bututan da ke cikin ƙoda suna mayar da sama da kashi 99 cikin 100 cikin jini, su bar abin da ya dace ya wuce mafitsara. Mai ba su umarni yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wasu ƙwayoyi a ƙasan ƙwaƙwalwa da aikinsu shi ne auna kaurin jini, wato yawan gishirin da ke cikinsa idan aka gwada da ruwa. Kaurin yana ƙaruwa da kashi 1 ko 2 cikin 100, sai su sa a saki wani sinadari mai suna basofiresin, wanda likitoci suka fi kira ADH. Shi ne ke zuwa ƙoda ya sa a buɗe wasu ƙananan kafofi a bangon bututan, ruwa ya koma jini, fitsari ya ragu ya yi kauri ya yi duhu. Gano irin waɗannan kafofi na ruwa ne ya sa Peter Agre na Amurka ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2003. Su waɗannan ƙwayoyi na ƙwaƙwalwa su ne kuma ke tayar da ƙishirwa. Idan mutum ya sha ruwa da yawa, sai abin ya juye: a daina sakin sinadarin, kafofin su rufe, fitsari ya yi yawa ya yi fari.

Amma tsimin ƙoda yana da iyaka. Komai ƙoƙarinta, tana bukatar aƙalla rabin lita na fitsari a rana kafin ta iya fitar da dattin da jiki ya tara. Haka kuma akwai iyakar kaurin da za ta iya yi wa fitsari, wanda shi ne dalilin da ya sa ruwan teku ke ƙara wa mai shansa ƙishirwa: gishirinsa ya kai kashi 3.5 cikin 100, ya fi abin da ƙoda za ta iya tattarawa, dole ta ɗebi ruwan jiki ta haɗa kafin ta fitar da shi.

To, nawa ya kamata a sha? Amsar da ta fi yawo ita ce kofi takwas a rana, kusan lita biyu. Ana danganta asalinta da wata shawara da hukumar abinci da gina jiki ta Amurka ta fitar a 1945, inda ta ce baligi yana bukatar kimanin lita 2.5 a rana, wato mililita ɗaya ga kowane kalori na abincin da ya ci, ta kuma ƙara da cewa mafi yawan wannan ruwa yana cikin abincin da ake ci. Wannan ƙarin bayani ne ya ɓace a hanya. A 2002 wani masanin ƙoda, Heinz Valtin, ya bi diddigin maganar kofi takwas bai samu hujjar kimiyya da ta tabbatar da ita ga mai lafiya ba. Ƙididdigar da hukumomi ke amfani da ita yanzu ta haɗa ruwan sha da na abinci ne gaba ɗaya. Cibiyar nazarin lafiya ta Amurka a 2004 ta sa lita 3.7 ga maza da 2.7 ga mata. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai a 2010 ta sa lita 2.5 ga maza da lita 2 ga mata, da ƙarin mililita 300 ga mai juna biyu da 700 ga mai shayarwa. Tazarar da ke tsakanin hukumomin biyu kaɗai ta isa ta nuna cewa waɗannan alƙaluma matsakaicin abin da jama'a masu lafiya ke sha ne a yanayi mai sauƙin zafi. Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2022, wanda ya auna mutum 5,604 daga ƙasashe fiye da 20, ya nuna cewa yawan ruwan da ke shiga yana fita a jiki ya danganta da girman jiki, yawan motsi, zafin gari, ɗanshin iska, shekaru da juna biyu, har wani ya ninka wani sau da yawa.

Idan ana son abin riƙewa, baligi mai lafiya da ba ya aikin gumi yakan wadatu da abin sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, a rarrabe daga safe zuwa dare. Madara da shayi da gahawa duk suna shiga lissafi. Ga wanda ya saba da su, shan su daidai gwargwado ba ya busar da jiki kamar yadda ake yawan faɗa. Lemon kwalba ma ruwa ne, sai dai sukarin da ke cikinsa yana zuwa da nasa lahanin ga haƙora da ƙiba. Barasa kuwa tana danne sakin basofiresin, shi ya sa mai shanta yake yawan fitsari ya wayi gari a bushe.

Ma'aunin da ya fi ƙidayar kofuna amfani shi ne fitsari. Launin rawaya mai haske yana nuna al'amura daidai suke. Rawaya mai duhu, mai ƙarfin wari, kaɗan-kaɗan, yana nuna ƙoda tana tsimi. Fari tas kamar ruwa a kowane lokaci yana nuna ana sha fiye da bukata. Fitsarin farko na safe dama yakan yi duhu, don haka na tsakar rana ya fi ba da labari na gaskiya. A kuma lura da cewa wasu magunguna da cututtuka suna sauya launi: bitamin B2 yana mayar da fitsari rawaya ɗorawa, maganin tarin fuka na rifampicin yana mayar da shi ja-ja, ciwon hanta yana sa shi ya yi duhu ko da an sha ruwa. Yawancin masu lafiya suna fitsari sau shida zuwa takwas a yini. Wanda ya wuni tun safe har yamma bai ji fitsari ba, to ya yi ƙarancin ruwa ko da bai ji ƙishirwa mai tsanani ba.

Ga baligi lafiyayye mai ruwa a kusa da shi, ƙishirwa jagora ce da za a iya dogara da ita, kuma a ganina ana yawan raina ta ba bisa hujja ba. Matsalar tana wajen waɗanda ƙishirwa ba ta yi musu aiki yadda ya kamata, ko waɗanda asararsu ta fi saurin shansu. Su ne ya kamata hankali ya koma kansu.

Tsofaffi ne kan gaba. Da shekaru suka ja, jin ƙishirwa yana dusashewa, ƙoda tana rage ƙwarewar tattara fitsari, tsoka tana raguwa don haka ruwan jiki ma yana raguwa. A kan haka kuma da yawansu suna shan magungunan hawan jini masu sa fitsari, wasu kuma da gangan suke ƙin shan ruwa don gudun tashin dare ko kuɓucewar fitsari. A jikin dattijo ƙarancin ruwa ba lallai ya zo da ƙishirwa ba, yakan zo ne da ruɗewa, da yawan barci, da jiri idan ya miƙe, da faɗuwa. Mai kula da shi kada ya jira sai ya nema. A ajiye masa ruwa inda hannunsa zai kai, cikin kofi mara nauyi, a haɗa sha da abubuwan da ba a mantawa kamar lokacin cin abinci da shan magani, a kuma tura mafi yawan shan zuwa safe da rana, a rage shi awa biyu kafin kwanciya. Gwajin tsunkule fata a ga ko za ta koma da sauri ba ya aiki sosai a jikin tsoho, domin fatarsa dama ta saki. Bushewar harshe da ƙarancin fitsari da saurin bugun zuciya sun fi zama abin lura.

Jarirai kuma nasu hukuncin daban ne, har ma ya yi kama da akasin na kowa. Jaririn da bai kai wata shida ba, wanda ke shan nono zalla, ba ya bukatar ruwa ko da gari ya yi zafi, kuma wannan ita ce matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya. Nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Ba shi ruwa yana cika masa ɗan ƙaramin cikinsa ya rage tsotso, nonon uwa ya ragu, yana buɗe ƙofar ƙwayoyin cuta, kuma ƙodarsa da ba ta gama ƙwari ba ba ta iya fitar da rarar ruwa da sauri, gishirin jininsa ya faɗi har ya kai ga jijjiga. Haɗari ɗaya ne da tsinka madarar gwangwani fiye da yadda aka rubuta a jikinta. Idan zafi ya yi yawa, a ƙara yawan shayarwa, uwar kuma ta ƙara shan ruwa. Daga wata shida, lokacin da aka fara ba shi abinci, sai a fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a kofi. A asibiti ana lissafa bukatar yaro ta yini da wata ƙa'ida da aka kafa tun 1957: mililita 100 ga kowane kilo na goman farko, 50 ga kowane kilo na goma na biyu, 20 ga abin da ya haura. Yaro mai kilo 15 ke nan yana bukatar mililita 1,250 a yini.

Mai aiki a zafi, ko manomi ne ko magini ko ɗan wasa, matsalarsa gudun asara ce. Ƙafewar gumi a kan fata ita ce babbar hanyar sanyaya jiki idan gari ya yi zafi, kuma kowace lita da ta ƙafe tana ɗauke zafi kimanin kalori 580. Idan ruwa ya yi ƙaranci, jini ya ragu, jiki yana shiga tsaka mai wuya tsakanin aika jini ga tsoka da aika shi ga fata, daga nan zafin ciki ya fara hawa. Shawarar hukumomin kare lafiyar ma'aikata a Amurka ita ce kofi ɗaya, kimanin mililita 240, duk minti 15 zuwa 20, kada kuma a wuce lita ɗaya da rabi a awa. Wanda yake son sanin ainihin asararsa ya hau sikeli kafin aiki da bayansa: kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa, kuma a mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a madadinta cikin sa'o'in da ke biye, domin wani ɓangare zai fita a fitsari. Gumi yana tafiya da gishiri, kimanin giram ɗaya na sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri) a lita, ko da yake mutane sun bambanta ƙwarai. Cin abinci a kan lokaci yakan mayar da shi, amma wanda zai yi sa'o'i da yawa yana zuba gumi ba ci, yana bukatar abin sha mai ɗan gishiri. Sabon ma'aikaci ya fi kowa shiga haɗari, domin jiki yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. Kuma lahanin ba na rana ɗaya ba ne kawai: a Nikaragua da El Salvador an ga ciwon ƙoda mai tsanani yana yawaita tsakanin matasa masu saran rake, kuma zafi da bushewar jiki da ake maimaitawa kullum suna cikin manyan abubuwan da masana ke zargi. Shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac a kan busasshen jiki yana ƙara wa ƙoda nauyi, domin suna rage jinin da ke isa gare ta a daidai lokacin da take ƙarancinsa.

Inda ƙarancin ruwa ya fi kisa shi ne gudawa. A kowace rana kimanin lita 9 na ruwa ne ke ratsa hanji, lita 2 daga ci da sha, sauran 7 daga yawu da ruwan ciki da na matsarmama da sauransu, kuma hanji yana tsotse kusan duka. Idan cuta ta hana wannan tsotsa, ko ta sa hanji ya riƙa zubo ruwa, asarar tana da ban tsoro. Mai kwalara yana iya rasa lita guda a awa. Ruwa zalla ba ya wadatarwa a nan, domin abin da ke fita ruwa ne da sodiyam da fotasiyam. Mafitar ta zo ne daga gano cewa bangon hanji yana da wata ƙofa da ke shigar da sodiyam da gulukos (wani nau'in sukari) tare, ruwa ya bi bayansu, kuma wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko ana cikin gudawa. A 1971, a sansanonin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya ga ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, sai ya koma ba masu kwalara haɗin gishiri da sukari ta baki. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Haɗin da ya fi inganci shi ne na ƙunshin ORS da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi. A narkar da ƙunshi ɗaya cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya, ba tare da ragi ko ƙari ba, kuma abin da ya kwana awa 24 a zubar. Idan babu shi, a auna lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi a shafe. Kuskuren da aka fi yi shi ne tula cokali ko rage ruwa. Gishiri ya yi yawa, sodiyam ɗin jinin yaro ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Sukari ya yi yawa, ya jawo ruwa cikin hanji gudawar ta ƙaru, wanda shi ne dalilin da ya sa lemon kwalba bai dace da mai gudawa ba. Haɗin da aka yi daidai bai kamata ya fi hawaye gishiri ba. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, da cokali, ɗaya duk minti ɗaya ko biyu. Mai shekara biyu zuwa goma a ba shi 100 zuwa 200. Babba ya sha gwargwadon yadda yake so. Idan ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Kada a daina shayarwa ko ba da abinci, a kuma haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. Amma idan idanu suka zurma, maɗiga ta faɗa, yaro yana kuka ba hawaye, fatar ciki da aka tsunkula ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu kafin ta koma, ya yi laushi ko ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gida, lamarin ya wuce gida, sai asibiti nan take.

Masu sikila su ma ƙarancin ruwa babban abokin gabarsu ne. Ƙodarsu tun suna yara ba ta iya tattara fitsari sosai, don haka suna asarar ruwa fiye da sauran mutane, kuma kaurin jini yana taimaka wa ƙwayoyin jinin su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi.

Akwai cututtuka biyu da bincike ya nuna ƙara ruwa yana rage su a fili. Na farko tsakuwar ƙoda. A wani gwaji da aka yi a Italiya aka wallafa a 1996, waɗanda aka sa su sha ruwa har fitsarinsu ya haura lita 2 a rana, kashi 12 cikin 100 ne tsakuwa ta dawo musu cikin shekara biyar, a cikin waɗanda ba a sa su ƙara sha ba kuwa kashi 27. Shi ya sa likitocin mafitsara ke ce wa wanda ya taɓa yin tsakuwa ya nemi fitar da fitsari lita 2.5 a rana, wanda yakan bukaci shan kusan lita 3, har da kofi ɗaya kafin barci domin da dare ne fitsari ya fi kauri. Na biyu ciwon mafitsara mai yawan dawowa ga mata. Wani gwaji na 2018 a kan mata 140 da dama ba sa shan ruwa sosai ya nuna cewa ƙarin lita ɗaya da rabi a rana ya rage yawan kamuwa kusan da rabi cikin shekara. Taurin bayan gida ma yana sauƙi da ruwa idan dama ƙarancinsa ne ya jawo shi. Sauran iƙirarin da ake yi, cewa tuttula ruwa yana wanke guba ko yana gyara fatar mai lafiya, hujjarsu ba ta da ƙarfi. Har ma ga masu ciwon ƙoda matsakaici, wani gwaji da aka yi a Kanada aka wallafa a 2018 bai ga cewa ƙara ruwa ya rage saurin lalacewar ƙodar ba cikin shekara guda.

Yawan ruwa kuma yana kisa, kuma wannan ɓangare ne da masu kwaɗaitar da sha suke yawan tsallakewa. Ƙoda lafiyayya ba ta iya fitar da fiye da kimanin lita ɗaya a awa. Sodiyam a jini yana zama tsakanin 135 da 145 a ma'aunin asibiti. Idan aka sha ruwa fiye da yadda ƙoda ke fitarwa, sodiyam ya tsinke ya faɗi, ruwa ya kwarara cikin ƙwayoyin jiki su kumbura. Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, ba ta da wurin faɗaɗa, sai ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa, jijjiga, suma. Abin da ya sa wannan ya zama tarko shi ne alamominsa na farko sun yi kama da na ƙarancin ruwa, sai a ƙara ɗura wa mutum abin da ke cutar da shi. A gasar gudun fanfalaki ta birnin Boston a 2002, an auna jinin 'yan tsere 488 aka samu kashi 13 cikin 100 sodiyam ɗinsu ya faɗi ƙasa da ƙa'ida, kuma babban abin da ya bambanta su shi ne nauyinsu ya ƙaru a lokacin tseren saboda yawan sha. Wanda ya gama aikin gumi nauyinsa ya fi na farko, hannuwansa sun kumbura, kansa na ciwo, ba ruwa yake bukata ba. Masu ciwon zuciya da ta yi rauni, da masu ciwon ƙoda da ya yi nisa ko ake yi musu wankin ƙoda, da masu ciwon hanta mai tara ruwa a ciki, likita yakan ƙayyade musu abin da za su sha, kuma wannan ƙayyadewa tana gaba da duk wata shawara ta gama-gari.

Ƙishirwar da ba ta yankewa ita ma saƙo ce. Mutumin da ke shan lita huɗu ko biyar yana kuma tashi fitsari sau da yawa cikin dare, yana ramewa, ya je a auna masa sukarin jini. Idan sukari ya haura abin da ƙoda ke iya mayarwa, yana zuba cikin fitsari ya ja ruwa tare da shi, kuma shan ruwa komai yawansa ba zai toshe wannan ɓaraka ba.

Duk wannan lissafi yana tsayawa ne a kan ruwa mai tsabta, alhali ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta 2022 ta nuna mutum kimanin biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha a inda suke zaune. Haske da rashin wari ba shaidar tsabta ba ne. Ruwan da ake shakka a kansa a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, minti uku a wurare masu tsayin da ya haura mita 2,000. Mai amfani da kulorin ya fara tace ruwan idan ya yi gurɓi, domin laka tana cinye ƙarfin maganin, ya bi adadin da aka rubuta, ya jira minti 30 kafin sha. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire dalma ko sauran sinadarai masu guba. Sau da yawa kuma ruwa yana gurɓata ne bayan an tsabtace shi, ta hanyar hannu ko kofin da ake tsomawa a ciki, don haka mazubi mai ƙaramin baki da murfi, wanda ake tsiyayowa daga gare shi, ya fi buɗaɗɗe aminci, kuma shi kansa a riƙa wanke shi da sabulu a kai a kai.